Igiyar Winci Wajen Kayar da Bishiya: Ƙasa, Tsakiya ko Can Sama?

Bishiyar da ta tsaya sak, ko ta ɗan rusuna wajen da ake son ta kwanta, ba ta buƙatar igiya. A yanke mata baki mai kyau, a buga weji ɗaya ko biyu, wato abu mai siririn baki da kaurin baya da ake cusawa cikin yanka, shi ke nan. Ana nemo winci ne, wato na'urar jan igiya da ƙarfi, idan ta karkata baya, ko manyan rassanta sun taru a gefen da ba a so, ko kuwa akwai gini a bayanta wanda kuskure ɗaya zai rushe. To a nan ne gardama ke tashi tsakanin masu aikin. Wani ya ce a ɗaura igiyar iya inda hannu ya kai a wuce wurin. Wani ya ce a jingina tsani a kai ta mita 5 ko 6. Wani kuma ya ce muddin ba ta kai kashi biyu cikin uku na tsawon bishiyar ba, wasa ake yi. Kowannensu da hujjarsa, sai dai hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Baki shi ne ɓarin da ake cirewa a gindin bishiya ta gefen da za ta faɗi. Yankan baya shi ne wanda ake yi daga ɗaya gefen. Tsakaninsu ana barin wani siririn itace ba a yanke ba, wanda bishiyar ke juyawa a kansa kamar yadda ƙofa ke juyawa a hinjinta, don haka hinji zan riƙa ce masa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kaurinsa ya zama kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin gindin, tsawonsa kuma kusan kashi takwas cikin goma. Duk maganar da za mu yi a kan tsayin igiya, a ƙarshe a kan wannan ɗan siririn itacen take sauka.

Lissafin da ke ƙarƙashin gardamar

Duk wanda ya taɓa ganin bakanike ya zura bututu a hannun sifana don kwance noti mai taurin kai ya riga ya san rabin zancen. Ƙarfin hannunsa bai ƙaru ba, hannun sifanar ne ya ƙara tsawo. Jikin bishiya daga hinji zuwa inda ka ɗaura igiya shi ne hannun sifanarka. Abin da ke juya bishiya shi ne ƙarfin ja a ninka shi da tsayin wurin ɗauri. Abin da ke riƙe ta baya kuma shi ne nauyinta a ninka shi da tazarar da cibiyar nauyin, wato tsakiyar da nauyin bishiyar ya daidaita a kanta, ta yi a bayan hinji.

Ɗauki bishiya mai tsawon mita 20, faɗin gindi santimita 50. Ɗanyen itace mai tauri yana kusantar tan guda a kowace mita ta murabba'in jiki, wato tsawo da faɗi da tsayi mita guda-guda, saboda haka irin wannan bishiyar da rassanta za ta kai wajen tan 2. A ce cibiyar nauyinta tana mita 1 a bayan hinji. Idan ka ɗaura igiya a mita 2, sai ka ja da ƙarfin kilo 1,000 kafin ta motsa. A mita 5, kilo 400. A mita 10, kilo 200. A mita 15, kilo 133.

Ka sake duba waɗannan lambobi, domin su ne ƙashin bayan shawarar da zan bayar. Mita uku na farko da ka ƙara sun sauke maka kilo 600. Mita biyar na gaba sun sauke 200. Biyar na bayansu kuwa, waɗanda suka fi wuyar kaiwa kuma suka kai ka cikin siraran rassa, kilo 67 kacal suka sauke. Ribar hawa sama tana da yawa a farko, sannan ta riƙa ƙanƙancewa, alhali haɗarin karyewar kan bishiya yana ƙaruwa da kowane taku.

Wannan lissafi na bishiyar da ke tsaye cikin iska kwance ne, kuma bai haɗa da taurin hinjin kansa ba, wanda shi ma sai an tanƙwara shi. Iska ƙarama da ke bugun ganye daga gaba tana aiki a can sama, inda ita ma take da dogon hannun sifana. Sannan ƙiyasin nauyi da ido abu ne da kowa ke kuskure a kai, yawanci ta wajen ragewa. Shi ya sa duk abin da lissafi ya ba ni nake ninka shi biyu kafin in dubi ko wincin zai iya. Wani abin da ake mantawa: hinji ba a tsakiyar kututture yake ba, yana gaba. Ko bishiyar da ta tsaya cak, cibiyar nauyinta tana ɗan bayan hinji da 'yan santimitoci. Don auna karkata, ka koma gefe nesa, ka riƙe zare mai ɗan dutse a ƙarshensa kamar na magina, ka daidaita shi da tsakiyar rassan, ka ga inda ya sauka a ƙasa, ka auna daga nan zuwa inda bakin zai ƙare.

Ɗauri a ƙasa

Abin da ke jan mutane zuwa ga ɗauri iya kai ko iya miƙa hannu shi ne sauƙi. Babu tsani, babu jifa, minti biyu an zarga sarƙa. Itacen wurin kuma shi ne mafi kauri da ƙarfi a jikin bishiyar, ba ya karyewa. Mai tarakta da winci na tan 5 ko 6 zai ce maka ƙarfi ba matsalarsa ba ne, to me zai kai shi sama?

Matsalar ita ce duk ƙarfin da igiya ta ja gaba, hinji ne ke tare shi. Bishiyar ba ta da wani abu da ya haɗa ta da ƙasa sai shi. A misalinmu na sama, ɗauri a mita 2 yana nufin tan guda yana ƙoƙarin fizge gindin daga kan kututture, ɗauri a mita 10 kuwa kilo 200 ne kawai. Lafiyayyen hinji na ɗanyen itace zai iya jure tan guda. Amma ƙara girman bishiyar: tan 5, ta karkata mita 2 baya. Yanzu a mita 2 kana buƙatar tan 5 cif, a mita 5 tan 2, a mita 10 tan 1. Tan biyar a kan itace mai kaurin yatsu uku ko huɗu, wanda wataƙila akwai ruɓa a cikinsa da ba ka gani ba, ko zarto ya ɗan ci gefensa fiye da niyyarka. Idan ya tsinke, gindin ne ke zamewa gaba, kan bishiyar kuma ya tafi baya, daidai kan abin da ka kawo winci don ka kare. Kamar mutum ne a tsaye aka fizge masa ƙafa: da ƙeya yake faɗuwa.

A nan ne cibiyar nauyi ke da muhimmanci. Idan igiya tana ƙasa da ita sosai, tsinkewar hinji na mai da igiyar abokiyar gabarka, domin ita ce ke janye ƙafar. Idan tana daidai da ita ko sama, ko hinji ya gaza igiyar tana ci gaba da jan kan bishiyar zuwa wajenka. A bishiya mai rassa da yawa cibiyar nauyi takan kasance wajen tsakiyar tsawonta, wani lokaci sama da haka idan duk rassan a ƙololuwa suke.

Akwai kuma tsagewa. Ja mai ƙarfi kusa da yanka, musamman a itace mai miƙaƙƙen zare da ke tsagewa cikin sauƙi, yana iya sa jikin ya rabe a tsaye daga yankan baya zuwa sama, ɓarin ya yi tsalle baya inda mai zarto yake tsaye. Wannan yana daga cikin hanyoyin da aikin nan ke kashe mutane, kuma yakan faru cikin ƙiftawar ido. Ɗaure jikin bishiyar da sarƙa ko bel mai ƙarfi sama da yanka kaɗan yana rage haɗarin, bai kawar da shi ba.

Ni a ganina ɗauri ƙasa da mita 3 yana da wuri guda kawai: ƙaramar bishiya da ba ta karkata ba, wadda weji ma zai iya kayarwa, ana son ɗan taimako ne. Sai kuma bishiyar da aka riga aka sare ta maƙale a jikin wata, inda gindin ake son ja da gangan. Wannan aiki ne daban, kuma shi ne ke nuna maka abin da ɗaurin ƙasa ya ƙware a kai: janye gindi.

Mita 5 zuwa 7, inda masu tarakta ke tsayawa

Masu aikin daji a Jamus sun daɗe da mai da wannan tsayi tsari. Akwai dabarar da ta ɗauki sunan cibiyar horon ma'aikatan daji ta Königsbronn a jihar Baden-Württemberg: mutum yana tsaye a ƙasa, ya zagaya igiya mara nauyi a jikin bishiya, ya tura ta sama da sanda mai miƙewa gaɓa-gaɓa har wajen mita 5 ko 6, ba hawa ba tsani. Suna kuma da jadawalin da ake kira na Calmbach, wanda ke nuna ƙarfin jan da ake buƙata gwargwadon kaurin bishiya, karkatarta da tsayin ɗauri. Abin da ke burge ni a tsarin shi ne sun ƙi barin ido ya yanke hukunci. Ka auna, ka duba jadawali, idan wincinka bai kai ba ka ƙara tsayi ko ka bar bishiyar.

Ƙarfin wannan zaɓi a bayyane yake. Ka kwashe mafi yawan ribar tsayi, daga kilo 1,000 zuwa 400 a misalinmu. Jikin bishiyar a nan har yanzu yana da kauri, kuma kana ganinsa da idonka, ka san ko akwai kogo ko tsohon rauni. Igiyar tana zagaye jikin ne kai tsaye, a tsakiya, ba ta rataye a reshen gefe ba. Kuma babu wanda ya girgiza busassun rassa a kansa.

Rauninsa shi ne yana son winci mai ƙarfi da madogara mai ƙarfi, wato abin da ke riƙe wincin. Ga bishiyar tan 5 ɗin nan, tan 2 ne kafin a ninka don tsaro, wato tan 4. Wincin tarakta zai iya. Wincin hannu irin Tirfor, wanda ake yi a girma uku na kilo 800, 1,600 da 3,200, babban cikinsu ma ya gaza. A lura kuma: ƙarfin da aka rubuta a jikin winci mai kwarkwaro na layin igiya na farko ne. Yayin da igiya ke taruwa layi bisa layi, kwarkwaron na ƙara faɗi, ƙarfin ja na raguwa. Wanda ya warware mita 10 kawai daga cikakken kwarkwaro ba shi da ƙarfin da yake zato.

Tsani kuwa, ban cika son sa ba. Ƙasar gindin bishiya ba ta da daidai, jikinta zagayayye ne, tsani na juyawa, hannuwanka biyu kuma suna fama da igiya. Idan dole ne, wani ya riƙe ƙasan, kuma a yi haka kafin zarto ya taɓa bishiyar ko kaɗan.

Daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku

Masu gyaran bishiyoyi a cikin gari, waɗanda ba su da tarakta sai igiya da ƙaramin winci, su ne suka fi riƙe ƙa'idar kashi biyu cikin uku. Suna da gaskiyarsu. Da kilo 150 ko 200 na ja, kowane ɓangare na aikin yana cikin sauƙi: igiya ba ta kusa da iyakarta, ƙulli ba ya shaƙewa, madogara ba ta motsi, hinji ba ya shan fizga. Kuskure a ƙiyasin nauyi ma ba ya zama masifa, domin akwai rara. Sannan kana sama da cibiyar nauyi.

Kaiwa can ba sai an hau ba. Ana jefa ƙaramar jaka mai nauyin giram 250 zuwa 400 ɗaure da siririn zare mai santsi ta cikin gwafa, da hannu ko da babban danƙon harbi mai dogon sanda, jakar ta sauko ta ɗaya gefen, a ɗaura babbar igiya a zaren a ja ta sama. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka yi zarge ka ja shi ya hau ya shaƙe jikin bishiyar a wurin, ko ka bar igiyar ta bi ta gwafar ta sauko ta bayan bishiyar ka ɗaure ta a gindi, sama da inda za a yi yanka. Ta biyun ta fi sauƙin yi da sauƙin kwancewa, kuma bishiyar tana jin jan a gwafar ne, ba a gindin ba. Sai dai gwafar na ɗaukar nauyin igiya biyu, wadda ta tafi winci da wadda ta sauko, don haka gwafa mai tsaga a tsakiya ko wadda ɓawo ya shige cikinta ba ta dace ba.

Ga inda wannan zaɓi ke cizo. Ƙarfin itace wajen jure lanƙwasa yana tafiya ne da kaurinsa a ninka shi da kansa sau uku, wato kauri sau kauri sau kauri. Jiki mai faɗin santimita 15 bai kai rabin ƙarfin mai santimita 30 ba, kashi ɗaya cikin takwas ne. Ka ɗaura a siririn wuri, sai ka ga kan bishiyar yana rusunowa kamar baka, wincin yana cin igiya, gindin kuwa ko gezau. Idan ka ci gaba, kan ya ɓalle ya zo da igiya, sauran jikin ya girgiza ya koma baya da ƙarfi a kan hinjin da aka riga aka raunana. Daga ƙasa kuma ba ka ganin abin da igiyarka ta rataya a kai. Sau da yawa mutum yana zaton tana cikin babbar gwafa, ashe wani ƙaramin reshe ne ya tare ta sama da wurin. Za ta riƙe har sai ja ya yi tsanani, reshen ya karye, igiya ta saki mita guda a lokacin da bishiyar ke tsakiyar tashi. Saboda haka a gwada ta da ƙarfi kafin a fara yanka, a zagaya a duba daga kusurwa biyu ko uku.

Abu na gaba shi ne murɗawa. Igiyar da ta bi ta reshe mita 2 daga tsakiyar jiki ba gaba kawai take ja ba, tana juya bishiyar a kan gindinta, gefe ɗaya na hinji ya yage kafin ɗayan. Na fi son gwafa a mita 9 da ke manne da jiki a kan wadda ke mita 13 amma ta fita gefe.

Sai tsawon igiya da tafiyar winci. A misalinmu, idan cibiyar nauyi tana mita 9 a sama kuma mita 1 a baya, bishiyar na buƙatar juyawa digiri 6 da 'yan kai kafin ta wuce daidaito. A ɗaurin mita 2, wannan santimita 22 ne na igiya. A mita 10 ya haura mita guda, a mita 15 ya kusa mita 1.7, ban da miƙewar igiyar da lanƙwasar jikin, waɗanda kan cinye fiye da haka. Ƙaramin wincin hannu mai gajeriyar waya zai iya ƙarewa bishiya tana rataye a tsakiya, ba gaba ba baya. Irin wanda igiya ke ratsawa ta cikinsa ta fita ta baya ba shi da wannan iyaka, shi ya sa ya fi dacewa da ɗaurin sama. Kuma idan za ka bi ta gwafa a mita 12 ka ɗaure a gindi, wincin yana mita 40 nesa, igiyar mita 60 kake nema.

Zaren jifa da wayar lantarki ba sa zama wuri ɗaya. Idan akwai waya kusa da rassan, wannan zaɓi ya fita, aikin ma gaba ɗaya ya zama na masu izinin aiki kusa da wuta.

Nisan winci yana canza ma'anar tsayi

Mutane da yawa suna wahalar kai igiya sama, sannan su zubar da ribar ta hanyar kafa winci kusa. Idan igiya ta sauko a tsaye-tsaye, wani kaso na ƙarfinta danna bishiyar yake yi ƙasa, ba jan ta gaba ba. Ɗauri a mita 10 da winci a mita 40 yana aiki kamar mita 9.7. Ɗaurin nan dai da winci a mita 10 ya koma kamar mita 7. Ɗauri a mita 15 da winci a mita 15 bai wuce mita 10.6 ba, wato kaɗan ya fi na mutumin da ya tsaya a mita 10 amma ya ja da baya. Idan fili ya matse, ƙara tsayi kusan aikin banza ne.

Ko ba don lissafi ba, dokokin aikin daji a Amurka da Birtaniya suna neman tazarar ninki biyu na tsawon bishiya tsakanin wurin sara da sauran mutane. Idan babu fili a gaba, ana ɗaura fuli, wato ɗan wili da igiya ke bi ta kansa, a gindin wata bishiya mai ƙarfi a layin faɗuwa, igiya ta bi ta ciki ta karkata zuwa winci a gefe. Fulin da abin da aka ɗaure shi da shi suna ɗaukar fiye da ƙarfin igiyar: idan ta karya kwana ta digiri 90, kusan ninki ɗaya da rabi, idan ta juyo baya gaba ɗaya, ninki biyu. Kada kowa ya tsaya a cikin kusurwar da igiyar ta yi, domin idan fulin ya ɓalle ta nan zai bi.

Ja da mota ko tarakta a guje wani abu ne da ba na yarda da shi. Ba ka jin nauyin da kake sawa, fizga ɗaya tana iya ninka abin da lissafi ya ce, kuma igiya mai tsayi da ta sauko da gangara tana ɗaga tayoyin da ya kamata su kama ƙasa. Tarakta ta tsaya, ta kafa farantinta a ƙasa, winci ya yi aikin a hankali.

Irin igiyar ma yana shiga zaɓin. Nailan na miƙewa sosai, yana tara ƙarfi kamar danƙo, idan ya tsinke bulala ce mai kisa. Poliyesta na miƙewa kaɗan, wanda ke da ɗan amfani a ɗaurin sama, domin tana ci gaba da ja na ɗan lokaci bayan bishiya ta fara motsi. Dyneema, wata igiyar zamani mara nauyi mai ƙarfi ƙwarai, da igiyar ƙarfe kusan ba sa miƙewa, su ne na ja mai nauyi a mita 5 zuwa 7. Ƙulli kuma yana rage ƙarfin igiya da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, abin da ba ya damun mai jan kilo 200 amma yana iya zama komai ga mai jan tan 3.

To wanne?

Idan wincin hannu ko ƙaramin na inji gare ka, bishiyar tana da rai kuma lafiyarta ƙalau, ka nemi gwafa mai ƙarfi manne da jiki tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na tsawonta, inda itacen bai yi siriri ba. Idan gwafa biyu ne, ɗaya a rabi mai kauri, ɗaya sama mai shakka, ɗauki ta rabin. Lambobin nan na sama sun nuna kaɗan ka rasa.

Idan wincin tarakta ne, mita 5 shi ne ƙasan abin da zan yarda da shi, kuma sai lissafi ya nuna rara. Bishiyar da ta yi kauri sosai ko ta kwanta baya fiye da mita 2, a haura mita 8 ko 10 ko da wincin yana da ƙarfin ja a ƙasa, domin ƙarfin winci bai ƙara wa hinji kauri ba.

Karkata gefe wani ciwo ne da tsayi kaɗai ba ya warkarwa. Da zarar bishiya ta wuce daidaito tana gudu fiye da kowane winci, igiya ta saki, kuma mafi tsayin ɗauri mafi saurin sakin. Daga nan hinji ne kaɗai ke tuƙi. Bishiya mai nauyi a gefe tana son igiya ta biyu da aka kafa a gefen da ya saɓa wa nauyin, daidai da layin hinji, ta yadda za ta zauna a ɗaure har bishiyar ta kai ƙasa, ita ma sama da cibiyar nauyi in da hali.

Ko wane tsayi ka zaɓa, tsarin aikin ɗaya ne. Igiya ta hau, a gwada ta, a ɗan tamke ta har ta miƙe ba tare da ta lanƙwasa bishiyar ba, sannan a yanke baki. Tamkewa da yawa kafin yankan baya shi ke kawo tsagewa. A bar hinji ya ɗan fi na kullum kauri, tunda akwai inji da zai tanƙwara shi. Weji ya shiga yankan baya da wuri, a riƙa bin sa yayin da yankan ke buɗewa, domin idan igiya ta gaza shi ne zai hana bishiyar zama baya. Mai zarto shi kaɗai ke ba da umarnin ja, kuma sai ya kashe inji ya bar gindin.

Matacciyar bishiya ko mai busasshen kai ita ce ke juya shawarar farko. Ba a hawa ta, ba a amince wa gwafarta, kuma buga weji da ƙarfi yana zubo rassa a kan mai bugun. A nan ɗaurin mita 5 ko 6 da sanda daga ƙasa, a jikin da ka ƙwanƙwasa ka ji yana da tauri, ya fi ɗaurin sama nesa ba kusa ba. Ana soka zarto ta tsakiya a gyara hinji, a bar ɗan itace a can baya yana riƙe da bishiyar, a yanke shi ƙasa kaɗan da layin babban yankan ta yadda zaren itacen zai ci gaba da riƙo. Mai zarto ya yi tafiyarsa har bayan inda rassa za su iya kaiwa, sannan ya ɗaga hannu, winci ya yage ragowar.